Taki Huɗu a Bakin Titin Yelwa

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, labarin wuyana ne da kwanon da ya ɗauka. Ni ce Talatu, wadda ake kira Mama Talatu a wurin gini. Na ɗauki kankare a garin Mubi tun gashina yana baƙi har ya koma yadda kuke ganinsa. Na ji ku kuna cewa aikin nan ba sana'a ba ne, ƙarfi ne kawai, a ɗora maka ka hau ka juye. To ku saurara.

Aikina na farko wani gida ne a bayan kasuwa. Daga Muchalla na zo, ban san komai ba sai noma da daɓen ɗaki irin na iyayenmu. Aka kai ni wurin Adda Mairamu, shugabar matan da ke ɗaukar kankare a lokacin. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana. Ta dubi wuyana, ta dubi ƙafafuna, ta miƙo mini bokiti. Wata uku ina ɗebo ruwa ina kwasar yashi, ban taka katakon hawa ba. Da na yi ƙorafi ta ce mini wadda ba ta iya tafiya da ruwa bai zube ba, ba za ta iya tafiya da kankare ba, domin ruwa jiƙa ki kawai zai yi, kankare kuwa karya ki zai yi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai kwanon sarki, wannan babban kwanon ƙarfe mai hannu biyu. Akwai gammo, kuma ba kowane tsumma ake naɗawa ba, sai tsohon zane mai laushi, a naɗa shi da faɗi don nauyin ya bazu a kai. Akwai takalmin roba, da tsumman ɗaure hannu, da man da muke shafawa tun daga yatsu har gwiwar hannu, saboda siminti yana cin fata a hankali, ba ki ji sai da yamma. A ƙasa maza ne ke kwaɓawa da shebur, siminti da yashi da tsakuwa. A sama birkila ne ke bajewa yana daidaitawa. Mu ne a tsakani. Idan muka yi sauri muka cika wa birkila hannu, aiki ya lalace. Idan muka yi sanyi kwaɓi ya fara ɗaurewa a ƙasa, aiki ya lalace. Ana hawa a layi, ana sauka a layi. Ba a kallon ƙafa, bayan wadda ke gabanki ake kallo. Ba a tsayawa a tsakiyar katako, ko da kuwa ɗankwalinki ne ya kwance.

Babban aikinmu shi ne dekin, wato zuba rufin kankare wanda za a ɗora bene a kansa. Kafinta zai shimfiɗa katako ya tokare shi da gora daga ƙasa, masu rodi su saƙa ƙarfe a kai, sannan a kira mu. Dokar dekin guda ɗaya ce: in an fara ba a tsayawa sai an gama. Na ga abin da ya sa a wani gida ta wajen Mayo Bani. Mai gidan bai sayi siminti isasshe ba, da azahar ya ƙare, ya hau mashin ya tafi nemowa, bai dawo ba sai bayan la'asar. Muka ɗora sabon kwaɓi a jikin wanda ya riga ya sha iska. A ido lafiya lau. Da damina ta zo, ruwa ya bi layin nan kamar an ja masa zare, yana ɗiga a kan gadon matarsa. Ba wanda ya ce mai gida ne ya yi ƙwauron siminti. Cewa aka yi matan Adda Mairamu ne suka zuba. Mun fi shekara ba a kira mu unguwar ba.

Daga nan Adda ta koya mini abin da shugaba ke yi ana gobe zubi. Za ki je da rana, ki cire takalmi, ki hau katakon ki taka shi daga bango zuwa bango. Tafin ƙafa yana jin inda katako ke lotsawa. Takinki kuma yana gaya miki girman aikin, ki san mata nawa za ki kira. Sai ki sauka ki bi gorar nan ɗaya bayan ɗaya kina girgizawa. A ƙarshe ki nuna wa kafinta inda zai kafa katakon hawa, domin zubi daga kusurwa mafi nisa yake farawa, ana ja da baya ana matsowa wajen katakon, don kada a taka ɗanyen aiki. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ban taɓa kiran mata goma a aikin mata sha biyar ba.

Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai dafa shinkafa a babbar tukunya ranar dekin, ya tsaya da kansa ya ga kowa ta ci. Akwai wanda zai zauna a kan buhunan siminti tun safe kamar kaza a kan ƙwai. Akwai malaman makaranta masu zuwa da littafi suna duba abin da ba su sani ba. Duk mun yi musu aiki, ba mu raina kowa ba.

Sai shekarar gudu ta zo, lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari. Wannan kun san ta, wasunku a bayan iyayenku kuka yi ta. Muka bar gari da abin da hannu ya iya ɗauka, ni da kwanona na fita, a ciki na zuba garin masara da kayan jikoki. Adda Mairamu ta bi ta kan dutse zuwa wajen danginta, can ciwo ya kama ta, can aka binne ta. Da muka dawo ba mai zancen gini, kowa ƙofarsa yake gyarawa. Muka koma fasa tsakuwa a bakin mayo, wato kogi, da wankau a gidajen mutane. Matan da suka rage suka ce in riƙe su. Mu sha huɗu ne, mataimakiyata Rifkatu, doguwa mai baki, wadda ba ta barin magana ta kwana a cikinta.

Da gari ya farfaɗo, gini ya dawo da ƙarfi, amma ya zo mana da abu biyu. Na farko injin kwaɓa kankare, mai ƙugiya da ke jan bokiti sama. Masu injin suka fara cewa mata ba sa iya kai kankare bene na biyu, masu gida kuma suka fara yarda. Na biyu, kowa ya koma tura gininsa har bakin kwalta, domin kowane taki a gaba shago ne. A unguwar Yelwa akwai layin da mai tafiya a ƙasa sai ya shiga titi ya yi kafaɗa da keke da mashin. An danne hanyoyin ruwa. In aka yi ruwan sa'a ɗaya sai ka ga tukwanen mutane suna yawo a tsakar gida. Ma'aikatan tsara gari suna zuwa da jan fenti su zana a bango, mai gini ya jira su tafi ya shafe da farar ƙasa.

A cikin ma'aikatan akwai Malam Yohanna, siriri ne, kullum da tef ɗin awo a aljihu da tsohon mashin mai tari. Shi ya fara zuwa da wata magana dabam. A wannan layin na Yelwa doka ta ce bene ɗaya ne iyaka. Sai ofishinsu ya ce duk wanda ya ja gininsa baya daga bakin titi ya bar wa mutane wurin wucewa da inda keke zai tsaya, ya kuma bar wa ruwa hanyarsa ya ɗaure ta da kankare, za a yarje masa ya ƙara bene na biyu. Abin da ka bari a ƙasa a biya ka da fiye da shi a sama. Mutane suka ji, kowa ya noƙe. Ba wanda yake son ya zama na farkon barin ƙasarsa a kan alkawarin ofis.

Wanda ya fara karɓa shi ne Alhaji Garba mai yadi. Kakansa daga wajen Katsina ya zo da fatauci, shi a nan aka haife shi, Fulatancinsa ya fi nawa. Yana da fili a layin, da hanyar ruwa ta gefen gabas. Ranar da Malam Yohanna ya zo kafa turaku ina wurin, mu muke kawo ruwan tushe. Ya ja tef ya ce mita uku, ya buga turke. Da suka matsa na taka wurin, a ƙafata taki huɗu ne daga turken zuwa bakin titi. Daga turken zuwa bangon baya kuma taki sha takwas. Da kunnena na ji ya gaya wa Alhaji cewa takardar bene na biyu ba za a sa mata hannu ba sai an zuba dekin na farko ya dawo ya sake aunawa. Alhaji ya ce ba komai, ai magana ɗaya ce. A ranar ya ce mini dekin biyun duka namu ne in mun yi na farko da kyau.

Ku gane abin da wannan yake nufi a wurinmu. Ba mu taɓa samun bene na biyu ba tun zuwan injin. In muka zuba na Alhaji a bakin titin Yelwa, inda kowa ke wucewa yana gani, maganar cewa mata ba sa iyawa ta mutu. In ba mu samu ba, sai ƙananan aikin da injin ya raina. Rifkatu har ta fara ɗinka wa kowa sabon gammo.

Aka yi ginin ƙasa daidai kan turke, shaguna biyar. Aka sa ranar Asabar ta zama ranar zubi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je taka katako. Ƙarshen damina ne, ƙasa da laima. Na cire takalmi na hau, na fara daga bangon baya. Na ƙirga sha takwas, na iso kan bim na gaba, wato kaurin kankaren da ke kwance kan ginshiƙan gaba, inda rufin ya kamata ya ƙare. Sai na ga katako bai ƙare ba. Na ci gaba, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ina tsaye a sama daidai bakin kwalta, keke na wucewa ƙarƙashin yatsuna. Na sauka na duba. An haƙa ramukan ginshiƙai a bakin titi an rufe da buhu. Gorar da ta tokare wannan ƙarin, ta kusurwar gabas, a cikin taɓon hanyar ruwa take tsaye. Na sa hannu ɗaya na girgiza, ta amsa mini.

Kafintan, Isiyaku, yana zaune yana cin gyaɗa. Mun yi aiki tare shekaru da yawa. Na tambaye shi wannan fa, ya ce shi katako aka ce ya buga, ya buga. Rifkatu ta ce masa, “Isiyaku, wannan gorar taka ko akuya mai ciki ba za ta ɗauka ba, balle ni.” Ya ce ai ita dama ko gadar mayo sai an ƙara mata tokara. Suka yi ta yi, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Na sami Alhaji a shagonsa na kasuwa yana auna wa wata mata atamfa. Na jira ya sallame ta, na gaishe shi, na gaya masa abin da na taka. Bai musa ba. Ya ce rumfa ce kawai don inuwa. Na ce rumfar da aka haƙa wa ramin ginshiƙi, bana rumfa ce, baɗi shago. Ya yi dariya.

“Mama Talatu, yaushe gwamnati ta ɗauke ki aiki ban zo taya murna ba?”

Na ce ba ta ɗauke ni ba, amma ina wurin lokacin da aka yi maganar. Ya ce Asabar ba a zuwa ofis, kafin Litinin kankare ya kama, kuma ba a taɓa fasa dekin a garin nan ba. Yohanna yaron kirki ne, za a roƙe shi. Na ce masa ni dai zan zuba daga bangon baya zuwa bim, a nan zan tsaya, ya sani tun yau. Ya ninke atamfar da ke hannunsa ya ce, “Ke da bakinki kike cewa in an fara dekin ba a tsayawa. Allah ya kai mu goben.”

Da dokarmu ya dogara, kuma ya san ta da kyau. Da na ce ba za mu zo ba, da kafin magariba ya kira masu inji, su zuba har bakin titi, takardar bene na biyu ta mutu, mu mu tashi babu na farko babu na biyu. Don haka na koma wurin ginin. Isiyaku ya riga ya kafa katakon hawa ta baya, wanda ke nufin ƙarin nan na bakin titi shi za a fara zubawa. Yashi da tsakuwa a lungun yamma aka jibge su, tsawon ginin. Na ce masa ya cire katakon ya dawo da shi gefen yamma ta gaba, ya sauka daf da bim ta ciki. Ya dube ni, ya dubi bim ɗin. Bai tambaye ni dalili ba. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ɗauki hamarsa. Na ce ya ajiye mini dogon katako guda a kusa.

Asabar da hantsi muka fara, daga kusurwar baya. Ban taɓa ganin matan nan sun yi aiki kamar ranar ba. Layi bai yanke ba ko sau ɗaya. Masu kwaɓi suka ce mu rage, kafaɗunsu sun gaji, Rifkatu ta ce su je su ɗauro zane su zo ta koya musu. Alhaji ya sa an kawo shinkafa da wake, muka ci bibbiyu ba tare da an tsaya ba. Yana ta fara'a, yana nuna wa abokansa sama da sandar lemarsa.

Gab da la'asar birkila ya baje kwano na ƙarshe a kan bim. Na kira Isiyaku, ya kawo dogon katakon, ya kafa shi a tsaye a bakin bim ya buga ƙusa. Na sauke kwanona na kife shi, na zauna a kai. Matan da ke kan hanya suka juye nasu a ciki, suka sauka, kowa ta kife nata. A ƙasa akwai kwaɓi guda babba da aka riga aka zuba wa ruwa, na ƙarin nan, yana jira.

Alhaji ya hau katakon da babbar riga, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce mu tashi. Na ce masa rufinsa ya cika, daga bango zuwa bim zubi ɗaya ne, ba tsaga ba haɗi, ba zai ɗiga ba har jikokinsa. Ban karya dokar dekin ba, dekin ne ya ƙare. Ya ce shi zai faɗi inda dekinsa ya ƙare. Ya juya wajen matan ya ce duk wadda ta tashi ta ƙarasa zai san da ita. Ba wadda ta motsa. Rifkatu ta ce, “Alhaji, ga kwano, ga gammo sabo, bismillah. Amma ka fara ta kusurwar gabas, mu ga yadda gorar za ta yi da kai.” Abokansa suka yi dariya, wannan kuwa ya fi komai ɓata masa rai.

Na tashi na ce ya biyo ni. Na taka gefen bim ɗin ina nuna masa. Na ce, “Alhaji, kai mai awo ne. Nan zuwa titi taki huɗu. Nan zuwa baya sha takwas, kuma sha takwas ɗin nan aka ce za a sake ba ka a sama. Wace mata ce za ta zo shagonka ta ba ka yadi huɗu ka ba ta sha takwas?” Ya ce duka biyun zai samu. Na ce wataƙila. Amma Malam Yohanna shi ya kawo maganar nan, kai ne na farko, idon ofishinsu da idon layin nan duka a kanka yake. In ya bar ka, gobe kowa ya ci ƙasa ya ci sama, maganarsa ta zama wasa. Ba zai bari ba ko yana so. Kuma ni ba zan ɗora 'ya'yan mutane a kan gorar da ke cikin taɓo ba, ko da takarda ko babu.

Alhaji ya juya yana kallon titi. Shugaban masu kwaɓi ya ɗago kai daga ƙasa ya ce kwaɓin nan ya fara nauyi a shebur, in ba a kwashe yanzu ba ya zama dutse. Siminti ne mai yawa a ciki. Na ce wa Alhaji hanyar ruwan gabas tana cikin sharaɗin, ba a ɗaure ta ba tukuna, kuma ga kankare a kwaɓe. Ya leƙa kwaɓin. Sannan ya tattara rigarsa, ya nufi katakon sauka, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “Ku zuba a lambatun.”

Muka sauka. Isiyaku ya jera katako gefe da gefe, maza suka kwashe taɓon, muka ɗaure hanyar ruwan tun daga bayan fili har inda ta haɗu da ta titi, sai ɗan wurin da gora ke tsaye, wanda aka cike daga baya. Kafin rana ta faɗi mun wanke kwanoninmu. Aka sallame mu daidai, amma ta hannun birkila, Alhaji bai sake fitowa ba.

Litinin da safe Isiyaku ya kwance ƙarin katakon, aka yanke rodin da ya leƙo, aka cike ramukan. Malam Yohanna ya zo da mashin ɗinsa wajen azahar. Ya ja tef, ya leƙa lambatun, ya dubi ƙasar da aka cike sabuwa a bakin titi. Ya dube ta da kyau. Bai tambayi kowa komai ba. Ina wurin, na zo yayyafa wa dekin ruwa. Ya gaishe ni ya ce, “Mama, aiki ya yi kyau.” Na ce Allah ne. Ya sa hannu a takardar a kan tankin mashin ɗinsa.

Aka ɗora bulo, bene na farko ya tashi. Da lokacin dekin na biyu ya yi na je shagon Alhaji na gaishe shi. Ya amsa da mutunci, ya tambayi jikoki, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na kawo maganar ya ce ya riga ya yi magana da masu inji. Ban tuna masa alkawari ba, shi ma bai yi kamar ya manta ba. Ya ce, “Mama Talatu, kin yi gaskiya. Amma a gaban mutane kika zaunar da ni.” Na ce haka ne. Na yi masa sallama.

Ranar da aka zuba na biyun na wuce ta layin da kwandon tsakuwa. Injin yana tsaye a fili, da wurin juyawa, da wurin jibge yashi, ba su tare titi ba. A kan taki huɗun nan aka kafa shi.

To ga yadda kowa ya ƙare. Alhaji Garba ya cika benensa da ɗalibai, ɗakunan ba sa zama babu kowa. Da maƙwabta suka ga haka mutum uku a layin suka je ofis da ƙafarsu suka nemi irin takardarsa, yanzu gefen nan mutum yana tafiya da ɗansa a hannu bai shiga kwalta ba, ruwa kuma yana bin hanyarsa zuwa mayo. Alhaji ya tsufa, 'ya'yansa ke shagon. In mun haɗu a biki ko jana'iza muna gaisawa. Malam Yohanna an mai da shi wani gari, na ji an ce har yanzu mashin ɗin nan yake hawa. Isiyaku ya faɗo daga wani rufi ya karya ƙugu, yanzu kujeru yake yi a ƙofar gidansa. Matana sun watse a hankali, wasu sun koma gona, biyu sun rasu, shida suna nan suna zuba ƙananan dekin a ƙauyuka inda mota ba ta iya kai inji. Rifkatu ce ke riƙe da su, bakinta yana nan yadda yake.

Ni kuwa wuya ya hana ni ɗaukar ko tulun ruwa, ina gida. Wata jikata da ta shiga makaranta ta kama ɗaki a bene na biyun nan na Alhaji, wanda inji ya zuba, ita da ƙawarta. Ta zo ta ce mini daga tagarsu ana hango duwatsu har wajen garinmu, in zo in gani. Na ce mata gwiwata ba za ta iya matakala ba. A lokacin gwiwar lafiyarta ƙalau.